A Daina Ƙona Leda da Sunan Kimiyya

Na gaji da wasu bidiyoyi da ke ta yawo a WhatsApp da TikTok. Za ka ga matashi ya tara ledar fiya wata da guntayen tsohuwar taya, ya cinna musu wuta, ya kifa murfin tukunya a kan hayaƙin, ya sa cokali ya kankare kunkunniyar da ta taru. Sai ya kwaɓa ta da ruwan gishiri, ya shafa a jikin gwangwanayen lemo uku ko huɗu da ya yanka ya goge fentinsu, ya jona su da waya, ɗan ƙwan tocila ya kama. Shi ke nan, wai an yi "nano kabon". Wani ya ce girafin ne, wato siririn faifan kabon. Wanda ya ɗan leƙa intanet ya ce kabon mai naitirojin ne, irin wanda masana ke samu idan sun gasa roba mai ɗaukar lantarki. A ƙarshen bidiyon kuma ga lambar waya: a turo kuɗin rajista, za a koya maka haɗa batirin sola a tsakar gidanku.

Da ƙarya ce tsagwaronta, da ban ɓata lokacina ba. Abin haushin shi ne an yago ta ne daga jikin gaskiya. Da gaske akwai roba mai ɗaukar lantarki, kuma da gaske ana gasa ta ta koma kabon mai daraja. Sai dai abin da ake yi a ɗakunan bincike kishiyar abin da yaranmu ke yi ne a bayan gida, kuma huhunsu da na maƙwabta ne ke biyan kuɗin wannan ruɗani.

Bari mu wuce ma'anoni da sauri. Folima doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri ɗaya da suka riƙe juna. Leda, bokiti, rigar wayar lantarki, duk folima ne, kuma yawancinsu wuta ba ta bi ta jikinsu, shi ya sa ake naɗe waya da su. A 1977 Hideki Shirakawa na Japan, tare da Alan MacDiarmid da Alan Heeger a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, suka nuna cewa akwai folimar da idan an ratsa ta da tururin aidin takan ɗauki lantarki fiye da da, ninki miliyoyi. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2000. Biyu daga cikin dangin nan su ne abin maganarmu: foliyanilin da folifairol. Nano kuwa awo ne kawai. A raba mita kashi biliyan 1, kashi ɗaya shi ne nanomita, kuma kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000.

Anilin ɗin da ake yin foliyanilin da shi yana da dangantaka da mu ta wata fuska. A 1826 wani Bajamushe, Otto Unverdorben, ya fara samo shi ta hanyar gasa shuni, irin wanda marina ke aiki da shi a karofin Ƙofar Mata. Yau daga man fetur da kwal ake samar da shi, kuma guba ne da ke ratsa fata.

Ga yadda aikin yake a ɗakin bincike, irin na Jaroslav Stejskal da Miroslava Trchová a birnin Firag na ƙasar Cek, ko na Gordana Ćirić-Marjanović da Slavko Mentus a Jami'ar Belgired ta Sabiya, waɗanda suka wallafa ayyukansu kan wannan fanni a wajajen 2009. Ana narkar da anilin a ruwa, a zuba masa wani gishiri mai suna amoniyam fasalfet. Cikin mintuna ruwan zai fara rikiɗa, ya yi shuɗi, ya ƙare a kore mai duhu, gari ya kwanta a gindin kwalba. Siffar garin nan tana hannun mai haɗawa. Idan ruwan ya yi tsami sosai, dunƙule-dunƙule za a samu. Idan tsamin kaɗan ne, sai a samu 'yan bututu masu rami a tsakiya, faɗinsu nanomita 100 zuwa 200 ko kusa da haka. Idan an tsinka haɗin da ruwa mai yawa, zare-zare ake samu. Wajen folifairol kuma akan sa wani rini mai ruwan lemo da ke daskarewa ya yi tsinke-tsinke, folimar ta lulluɓe tsinken, daga baya a wanke rinin a bar bututu. A riƙe wannan da kyau: tun kafin a kusanci wuta an riga an gama gina siffar.

Sai a tace, a shanya, a auna giram 1 ko 2 a ɗan kwanon tangaran, a tura shi cikin bututun tanderu mai jure zafi, a toshe bakunan. Kafin a kunna komai, ana sakin iskar naitirojin ko agon daga tukunyar gas ta yi ta wucewa ta cikin bututun har ta kore iskar da muke shaƙa sarai. Daga nan a fara ɗaga zafi a hankali, digiri 5 ko 10 a minti, har a kai tsakanin 600 da 900, wani lokaci 1,000. A tsaya a nan awa ɗaya ko biyu, a kashe, a bar shi ya huce iskar tana ci gaba da wucewa. Babu harshen wuta ko ɗaya a duk tsawon aikin. Hayaƙin da ke fita ta ɗaya bakin ana bi da shi ta cikin kwalbar ruwa, sannan na'urar zuƙe hayaƙi ta fitar da shi can sama, domin a cikinsa akwai amoniya, da tururin anilin, da iskar sayanaid. Idan an buɗe, kusan rabin nauyin ya tafi, koren gari ya koma baƙi wuluk. A sa shi a ƙarƙashin madubin lantarki mai ƙara girma, sai a ga bututun nan suna nan a matsayin bututu, zaren yana nan a zarensa, sun ɗan tsuke kawai.

Duk wanda ya taɓa ganin masu yin gawayi a daji ya san rabin wannan ilimi. Suna jera itace, su rufe da ciyawa da ƙasa, su bar 'yar kafa, saboda sun san idan iska ta samu shiga toka za su kwasa. Kuma idan ka karya gawayi za ka ga zanen itacen yana nan, har ka iya gane wane reshe ne. Hana iska shiga ne ya bar kabon ɗin, siffar kuma daga bishiyar ta zo. Abin da masana suka ƙara shi ne sun gina "itacen" da hannunsu, sun zaɓi faɗinsa da raminsa, sun kuma dasa naitirojin a cikin ƙashinsa.

Me ya sa foliyanilin ba ya narkewa ya zube? Saboda sarƙarsa zobba ne na ƙwayoyin kabon shida-shida, kowane zobe ƙwayar naitirojin ce ta haɗa shi da na gaba. Da zafi ya fara hawa, sarƙoƙin da ke kusa sai su kama juna ta gefe, su ƙulla sababbin zobba da naitirojin a ciki, abin ya zama raga mai tauri wadda ba ta kwarara. Ƙarin zafi ya kori haidirojin, zobban su haɗe su zama faifan kabon. Kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin foliyanilin naitirojin ne, na folifairol ya haura kashi 20. Bayan gashi wani kaso mai kauri yana saura a cikin ragar. A nan ne gwanintar take, domin akwai ciniki: a zafi kaɗan naitirojin ya fi yawa amma kabon ɗin ba ya ɗaukar lantarki da kyau, a zafi mai yawa ɗaukar lantarki ta inganta amma naitirojin ya yi ta gudu. Har ma a tsakiyar hanya akwai lokacin da garin ke rasa ɗaukar lantarkin da ya zo da ita, sai zafi ya kai wajen 700 zuwa 800 take dawowa. Bambancin digiri 100 kan raba kaya mai amfani da shara. To, wa ke auna digiri a kan juji?

Amfanin naitirojin ɗin kuwa, ƙwayarsa ta fi ta kabon da lantarki ɗaya, 7 a kan 6, don haka duk inda ta zauna takan sauya halin ƙwayoyin kabon da ke maƙwabtaka da ita, su riƙa jan oksijin, ruwan batir kuma ya fi jiƙa su. Babban abin da ake hari shi ne maye gurbin filatinam, ƙarfe mai ɗan karen tsada da kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, wanda ake sa wa a batirin haidirojin don ya zuga haɗuwar oksijin. A 2009 ayarin Liming Dai a Amurka ya nuna bututun kabon mai naitirojin na iya wannan aiki a ruwan alkali ba tare da filatinam ba. A 2011 Gang Wu da Piotr Zelenay na cibiyar Los Alamos suka gasa foliyanilin tare da baƙin ƙarfe da kobal, abin da suka samu ya yi aiki na awa 700 a gwaji. A 2016 ayarin Junji Nakamura a Jami'ar Tsukuba ta Japan ya nuna cewa naitirojin da ke zaune a bakin faifai, cikin zobe mai kusurwa shida, shi ne ke samar da wurin da aikin ke faruwa. Wato yawan naitirojin ma bai isa ba, sai ya zauna a inda ya dace. Ana kuma gwada irin wannan kabon a manyan kondansa masu cika da sauri, da batirin sodiyam, da kama iskar kabon mai ɗumama duniya. Mafi yawansa har yanzu a ɗakin gwaji yake.

Yanzu mu koma kan mai ledar fiya wata, mu bi da'awarsa gaɓa-gaɓa.

Na farko, yana ƙonawa ne a fili. Kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da shi oksijin ne, kuma aikin oksijin a wuta shi ne ya cinye kabon ya mai da shi hayaƙi. Abin da masana ke kashe kuɗin tukunyar gas don su hana, shi ne shi yake yi da gangan, har yana fifita. Na biyu, kuma wannan ya isa ya kashe maganar, ledar fiya wata foliyetilin ce. Kabon da haidirojin ne kawai a jikinta, babu ƙwayar naitirojin ko ɗaya, babu zoben da zai kama ɗan'uwansa. Ko da an sa ta a tanderun Firag an kore iska sarai, da zafi ya kai 400 zuwa 500 za ta narke, ta tsinke, ta tashi a matsayin gas da mai da kakin zuma-zuma, a buɗe kwano a tarar kusan wayam. Duk wanda ya taɓa ganin leda tana ɗiga daga bakin sanda ya ga wannan da idonsa. Abin da ke ɗiga ba ya riƙe siffa, balle siffar nanomita 100. Robar ruwan kwalba ma babu naitirojin a cikinta.

Na ji wani yana cewa ai iska kanta kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, za ta shiga ciki. Ba ta shiga. Naitirojin na iska ƙwayoyi biyu ne da suka ƙanƙame juna da ɗauri uku, irin ɗaurin da wutar juji ba ta isa ta kwance ba. Saboda wannan halin ko-in-kula nasa ne ma ake cika tanderu da shi, don an san ba zai taɓa kayan ba. Da naitirojin na iska yana shiga abu haka kawai, da manomi bai sayi buhun yuriya ba.

Taya fa? Baƙin taya tun daga masana'anta yake, domin garin kabon ake cuɗa wa a robar, kusan rubu'in nauyinta ko fiye, tare da farar wuta da sinadarin zink. Ka ƙona ta, ka samu baƙin hayaƙi mai warin farar wuta da tarin sinadarai masu maiƙo da ke manne a jikin kunkunniya, cikinsu har da benzofairin, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta sa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura da yadda kansar fatar maraina ta yi yawa a tsakanin masu share bututun hayaƙi, ya danganta ta da kunkunniya. Wajen shekara 250 ke nan, mu kuma yau muna kankare ta da cokali muna kiranta fasaha.

Sai masu wayo su ce to akwai robar da ke da naitirojin, kamar soson katifa. Gaskiya ne akwai. Kuma idan an ƙona shi, naitirojin ɗin yana fita ne a hayaƙi, wani ɓangarensa a matsayin sayanaid, wadda tare da iskar kabon mai kisa suke hallaka mutane a gobarar ɗaki tun kafin wuta ta taɓa su. Mafi muni ita ce robar PVC, ta rigar waya da bututun ruwa da wasu takalma. Idan tsantsarta ce, fiye da rabin nauyinta kulorin ne, kusan kashi 57 cikin 100. Idan ta ƙone takan saki iskar asid mai yagar maƙogwaro, kuma a irin wutar juji mai ci tana lumshewa, musamman idan akwai jan ƙarfe a kusa, ana samun wata guba mai suna dayoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dayoksin yana taruwa a kitsen jiki, kuma sai bayan shekara 7 zuwa 11 rabinsa ke fita.

Akwai wuri ɗaya da zan ba mai bidiyon gaskiya. Kunkunniya da gaske ƙwayoyinta ƙanana ne, 'yan gomomin nanomita. Amma ƙanƙantar nan ce ta sa hanci ba ya iya tace ta, take zarcewa har ƙarshen huhu. Ƙanƙanta kaɗai ba daraja ba ce. Darajar tana cikin tsari, da tsabta, da sanin abin da ke ciki, kuma kunkunniyar taya ba ta da ko ɗaya.

Saura fitilar da ta kama, wadda ita ce ke rinjayar mutane. Ɗan ƙanwata ya kawo mini wayarsa yana cewa, "Kawu, ka bar dogon turanci, ai ga ƙwai ya kama." Na ce, "Ɗana, je ka murhun mamarka ka ɗebo gawayi ka daka." Ya daka, muka naɗe a tsumma mai ruwan gishiri, muka ɗora a kan goggen gwangwani, muka sa mitar masu gyaran rediyo. Ta nuna ƙasa da bolt 1, daidai irin abin da na bidiyon ke bayarwa. Wutar daga alminiyam ɗin gwangwanin take fitowa, ruwan gishiri yana cinsa sannu a hankali, baƙin abin kuwa hanya ce kawai da oksijin ke bi. Yaran firamare a ƙasashe da yawa suna yin wannan gwaji da gawayi ko bakin fensir. Ba a cajinsa, gwangwani na huje ya mutu. Wanda ka ga ya kunna talabijin da shi, ka ce ya ɗaga teburin a ga ƙarƙashinsa.

Wasu kuma suna kafa hujja da labarin Jami'ar Rice ta Amurka, inda a 2020 ayarin James Tour ya sanar da yin girafin daga shara, har da roba. An yi, amma ta hanyar dannawa kayan wutar lantarki mai ƙarfi a cikin bututu, zafi ya haura digiri 2,700 cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Babu ashana a wannan labarin. Haka zaren kabon da ke jikin jirgin Boeing 787, wanda kusan rabin nauyinsa haɗe-haɗen irin wannan zare ne: daga folima mai naitirojin ake gasa shi, a masana'antu masu na'urorin ƙone sayanaid kafin hayaƙin ya fita.

Na san me ke tura matasa: babu aiki, babu wuta, ba a kwashe shara. Duk gaskiya ne, amma ko ɗaya ba ya mai da leda foliyanilin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne mun taɓa ganin ƙarshen shigo da aikin masana'anta cikin gida. A 2010 a Zamfara, ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Babu wanda ya yi niyyar kashe ɗansa, neman halal ake yi. A Agbogbloshie ta birnin Akra, inda 'yan arewacin Gana da yawa suka yi shekaru suna ƙona waya don cire jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021, wani bincike na 2019 ya auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, ya gano cin ƙwai ɗaya zai sa babban mutum ya wuce iyakar dayoksin da hukumar abinci ta Turai ta amince da ita a rana har sau 220. Kaza ba ta shaƙi hayaƙi don kuɗi ba, tsattsagar ƙasa kawai ta yi. Ya kai mai ƙona taya a lungu, ka san ƙwan wa kake sa wa guba? Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a katanga ba, kuma tsohuwar da ke tari a ɗakin da hayaƙinka ke shiga ba ta sa hannu a kasuwancinka ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma zan faɗa dalla-dalla. Kada a ƙona leda, taya, soso ko waya don neman wani gari, ko a fili ko a ɗaki. Kada kuma wani ya karanta abin da na rubuta a sama ya ce to bari ya hana iska shiga, ya cusa roba a durom ko tsohuwar tukunyar gas ya toshe ya hura wuta a ƙasa. Wannan bam ne. Gas ɗin da roba ke saki yana neman hanyar fita, kuma yana kamawa da wuta. Tanderun masana a buɗe yake ta baya, iska tana wucewa ne, ba a kulle take ba. Kada a sayi anilin ko asid a kasuwa a kai ɗakin kwana. Anilin yana shiga ta fata ya hana jini ɗaukar oksijin, leɓe da farce su yi shuɗi. Tukunyar naitirojin ma idan ta yi yoyo a rufaffen ɗaki tana sumar da mutum ba wari ba gargaɗi.

Iyaye mata, a daina hura gawayi da leda. Na san tana kamawa da wuri, na san kananzir ya yi tsada, amma fuskarki ce a kan murhun, goyonki kuma yana bayanki. Ƙirare, karan dawa, ɓawon gyaɗa, busasshen totuwar masara, duk suna yi. Masu babbakar kai da ƙafa da ganda a kwata, a bar taya, a koma itace ko gas, domin maiƙon hayaƙin yana kama fata kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Mai saye ya shinshina, idan ganda tana warin roba ya ajiye. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola, a feɗe waya da wuƙa ko injin feɗewa. An taɓa kafa irin waɗannan injuna a Agbogbloshie a 2014, kuma jan ƙarfen da bai ga wuta ba ya fi tsabta ya fi kuɗi. Tokar inda aka ƙona roba kada a kai ta gona da sunan taki, kada a bar kaji da awaki su yi kiwo a kanta, kada yara su yi wasan ƙasa a wurin. Takunkumin yadi ko tsumma a hanci yana rage ƙura kaɗan, amma ba ya tare gas. Masu unguwanni da limamai su sani cewa suna da madogara: Najeriya da Nijar da Gana duk sun shiga yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta lissafa ƙona shara a fili cikin hanyoyin samar da dayoksin, kuma a Najeriya hukumar kula da muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hana irin wannan ƙone-ƙone tun 2011.

Wanda aka yi wa tallar horo ko aka kawo masa baƙin gari a kwalba, ya yi tambaya kafin ya ciro kuɗi. Da wace folima aka fara? A digiri nawa aka gasa, da me aka auna? Wace iska aka sa a tanderun? Ina hoton madubin lantarki, kuma wane ɗakin gwaji ya auna naitirojin ɗin? An yi caji an sauke sau nawa? Mai gaskiya yana da amsar waɗannan a takarda. Maƙaryaci zai ce sirrin sana'a ne, ko ya ce kai ɗan baƙin ciki ne. Kuma don Allah kada a sha irin wannan gari da sunan maganin ciki, gawayin asibiti daban yake.

Matashin da abin ya ba shi sha'awa da gaske, ina tare da shi, kuma hanyarsa tana sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda akwai malamin da zai tsaya a kansa. Ba dole sai da anilin ba. Masu bincike a ƙasashe da dama suna yin kabon mai naitirojin daga ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa da gashin kaji, wani lokaci su haɗa da yuriya don ƙarin naitirojin, kuma waɗannan muna zubar da su tuli. Siffarsu ba ta kai ta bututun foliyanilin tsari ba, amma suna da arha. Sharaɗin dai bai canza ba: tanderu mai auna zafi, iskar da ke wucewa, na'urar zuƙe hayaƙi, da awo bayan an gama.

Idan kuwa an riga an yi, wani ya shaƙi hayaƙin ya fara ciwon kai, jiri, amai, tari mai shaƙewa, ko leɓensa ya sauya launi, a fitar da shi iska nan take, a cire masa tufafin da suka sha hayaƙi, a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa karya wannan guba, kuma wanda ya galabaita zai iya shaƙe su. A kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin kumburin huhu daga hayaƙin PVC kan bayyana bayan sa'o'i. A faɗa wa likita ainihin abin da aka ƙona ko aka taɓa, in da hali a tafi da guntun robar ko kwalbar sinadarin a ƙulle cikin jaka.